Baba ya hana ni zuwa taron ɗalibai a Yawunde, ƙawata tace in yi masa dabara

Saƙon wannan satin daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya zo, na ɗan rage masa tsawo na cire sunaye:

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a jami'ar Garwa shekara ta biyu, shekaruna 20, nice delege ɗin ajinmu. An zaɓe mu mu huɗu, mata biyu maza biyu, zamu je taron shugabannin ɗalibai a Yawunde na kwana biyar, masauki da abinci duk masu taron zasu ɗauka. Da na faɗa ma Baba ko rufe baki banyi ba yace babu inda zani, shi 'yarsa bata kwana a garin da bashi da ido. Mama tayi shiru. Ƙawata tace ince zan je hutu wurin Goggona a Gaundare, daga can in hau jirgin ƙasa ba wanda zai sani. Kuma akwai wani a grup ɗin WhatsApp na taron yace kowa ya tura dubu 15 ta Orange Money kuɗin rijista kafin Juma'a. Anti wlh ina son zuwa, ban taɓa wuce Ngong ba tunda aka haife ni, amma ina tsoro, ga faransancina in na tsaya gaban mutane sai ya gudu. Yaya zanyi?"

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da wannan zaɓe da aka miki, aji guda da maza a ciki su ɗaga hannu suce ke suke so ki wakilce su ba ƙaramin abu bane, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Toh amma maganar Goggo ɗin nan ki fidda ta daga ranki yau yau, kar ma ki kwana da ita. Ba zan tsaya miki wa'azin ƙarya ba, kin san hukuncinta tun kina islamiyya. Abinda zan nuna miki shine dabarar ma bata da ƙafa. Kin taɓa ganin gar ɗin Gaundare, wato tashar jirgin ƙasa, da yamma lokacin da jirgi zai tashi? Baki taɓa ba, toh bari in gaya miki, rabin mutanen da ke tsaye da buhuna da katon-katon 'yan kasuwar Garwa da Marwa ne masu zuwa sarin kaya kudu, kuma a cikinsu ba za'a rasa wanda yake sahu ɗaya da babanki a masallaci ba. Ba sai ya miki magana ba, gaisuwa kawai zai kai, "Alhaji ashe yarinyarka tayi Yawunde, na ganta a jirgi, Allah ya kiyaye hanya", shikenan an gama. In ma kin tsallake wannan, irin waɗannan tarukan ranar farko ake jera ku a ɗauki hoto kowa da katinsa rataye a wuya a watsa a Facebook kafin la'asar, kuma ƙannenki da 'ya'yan maƙwabta duk suna da waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na wannan zamanin ma yafi ƙurewa.

Sannan ki duba wa kike jefawa a ciki. Goggonki ko dai ki faɗa mata gaskiya ta yarda ta yi wa ɗan'uwanta ƙarya, zumuncin shekara hamsin ya tsaya akan taron kwana biyar, ko kuma ki ɓoye mata itama, Baba ya bugo waya da daddare yace bani ita mu gaisa, baiwar Allah ta rasa bakin magana. Kuma Allah ya kiyaye ace zazzaɓi ya kama ki a can ko an sace miki jaka da katin ɗan ƙasa a ciki, lambar wa zaki kira? Mutumin da yake zaton kina Gaundare kina taya Goggo tuƙa tuwo? Abinda yafi damuna shine ranar da ta fashe ba taron za'a hukunta ba, karatun za'a hukunta. Uban da ya ji an yi masa wayo da sunan jami'a, jami'ar zai rufe, kuma ba ke kaɗai zaki biya ba, ƙannenki mata da ke lise, wato sakandare, yanzu su zasu gaji bashin, duk wadda ta kawo maganar makaranta ace ai mun ga abinda yayarku tayi. Ƙawarki ba muguwa bace ina jin, yarinta ce, amma ba ita zata zauna a gidanku bayan an dawo ba.

Yanzu mu koma kan Baba, don ni a karatun da nayi wa wasiƙarki ban ga mutumin da ya ƙi karatun mace ba. Ya barki kin yi bak, jarrabawar gama sakandare, ya barki kin shiga jami'a, kullum kina hawa mashin ki tafi ki dawo. Ki tuna kafin 2022 da aka buɗe jami'ar Garwa, yawancin 'yan garinku sai sun tafi jami'ar da ke Dang can kusa da Gaundare ko Marwa da aka buɗe tata a 2008, kuma 'yan mata nawa ne karatunsu ya tsaya a bak don kawai iyaye sun ce ba za'a kama musu ɗaki a wani gari ba. Ke jami'a ce ta zo ta same ki har gida, alheri ne babba, sai dai shi ya sa har yau Baba bai taɓa gwada sakin ki ba ko na dare ɗaya, rana tsaka kuma kika zo masa da Yawunde, tafiyar kusan kilomita 900. Ko ni ce sai na zabura. Kuma mutanen zamaninsu sun ga abinda suka gani, lokacin zargina a shekarun 1990 da ake tare motoci a daji a kwantar da fasinja a kan titi, ga gangaren dutsen nan na wajen Mbe kafin a shiga Gaundare da kowa ya san motocin da ya ci, ga labaran da ake kawowa majalisa na 'yan mata da otal-otal na kudu, wasu gaskiya wasu ƙari. Duk wannan yana kansa lokacin da kike masa bayanin "taron shugabanci". Cewa yayi bashi da ido a garin. Toh aikinki kenan, ki samo masa idon.

Amma kafin ki tada kowa, ki fara tabbatar taron nan na gaske ne, don dubu 15 ɗin nan ta tsaya min a rai. Kar ki tura ko dala. Gobe da safe ki je da ƙafarki ofishin shugaban sashenku ko wurin masu kula da harkokin ɗalibai, ki ce a nuna miki takardar gayyata, wace ƙungiya ce ta shirya, a wane zaure za'a yi, a ina za'a sauke ku, wa zai biya kuɗin mota da jirgi, kuma wannan kuɗin rijistar sun san da shi? Akwai tarukan ƙwarai da ake biyan rijista, ban ce babu ba, amma ana biya ne a asusun ƙungiya ko a ofis a baki resi mai hatimi, ba a lambar wani mutum da ko fuskarsa baki sani ba yana ta "kafin Juma'a, kafin Juma'a". Gaggawar nan ita ce alamar 'yan damfara, sukan kutsa cikin grup ɗin taro na gaske ma su sa hoton tambarin taron a lambarsu su kwashe na mutum ashirin su ɓace. In makaranta tace bata san da kuɗin ba, ki gaya wa sauran ukun su ma. In kuma taron gaba ɗaya makaranta bata san shi ba, toh Allah ya rufa miki asiri da bakin Baba, sai ki share.

In ya tabbata, ki roƙi a baki takarda a rubuce da sunanki da ranakun tafiya da dawowa da hatimin makaranta. Ki tambaya wane malami ne zai raka ku, in akwai malama mace ko wata babba cikin ma'aikata da zata je toh rabin aikinki ya ƙare, ki karɓi lambarta. A dokar Kamaru ma sai mutum ya cika 21 ake ɗaukarsa ya mallaki kansa a harkar takardu, kinga ke da kike 20 in masu taron suka nemi sa hannun uba basu yi laifi ba, wannan kaɗai ya isa ya rushe shirin ƙawarki.

Sai maganar wanda zai shiga wurin Baba. Ba ke ba, a karon nan. Kin riga kin faɗa yace a'a, in kika koma da kanki ya zama kina ja da shi, kuma dattijo ko ya gane yayi saurin magana ba zai janye a gaban 'yarsa ba, sai an bashi hanyar da zai janye da girmansa. Shirun Mama ba ƙi bane, ki same ta a ɗaki ki nuna mata takardun ki tambaye ta wa Baba yake jin nauyinsa, ita ta fi kowa sani. Wataƙila Baffanki ne babban wansa, wataƙila limamin unguwa, wataƙila ma Goggon nan ta Gaundare da kike shirin yin ƙarya da sunanta, ki ga ikon Allah, ita ce zata iya buga waya tace masa "ka turo min ita, ni zan kaita gar da kaina in sa ta a jirgi in damƙa ta hannun malamarsu, in sun dawo ni zan tare ta". Wannan maganar daga bakin 'yar'uwarsa tafi takardar minista nauyi. Kuma a same shi shi kaɗai bayan isha'i ya ci ya sha, ba a ƙofar gida cikin abokansa ba.

Can Yawunde kuma ai ba daji bane. Unguwar Brikiteri cike take da Hausawa da Fulani tun kaka da kakanni, ga babban masallaci ga masu tsire ga teloli, in kin rufe ido kika ji hira sai ki rantse kina kasuwar Garwa. Da wuya ace ɗan kasuwa ko ma'aikaci a Garwa bashi da ɗan'uwa ko aboki ko tsohon maƙwabci a Brik ko Tsinga. A bar Baba da kansa ya zaɓi mutumin, ya kira shi yace ga 'yata nan zuwa, matarsa ta zo ta ga inda aka sauke ku, in ma yafi masa kwanciyar hankali ki riƙa kwana a gidansu kina zuwa taron da safe, ki yarda kawai, kar ki tsaya cewa ai sauran a otal suke. Duk sharaɗin da ya kafa ki ɗauka, ko yace yayanki ya raka ki har Gaundare, ko yace ki kira shi bayan kowace salla. Tafiyar farko ba'a cinikinta. In kuma ya kawo maganar muharrami, kar ki buɗe baki da abinda kika ji a TikTok, malamai sun yi bayani akan tafiyar mace cikin ayari amintacce kuma akwai saɓani a ciki, a bar malamin da shi Baban ya yarda da shi ya duba yanayin tafiyar ya faɗa masa, abinda ya faɗa ku bi.

Nasan wani zai ce ki kawo masa misalin su Hajiya Yaou Aissatou da aka naɗa ministar harkokin mata tun 1984 ko Hajiya Hadidja Alim da ta riƙe ma'aikatar ilimin firamare daga 2009 zuwa 2019, duk 'yan yankinku ne kuma ba a tsakar gida suka yi karatun ba. Gaskiya ne, ki riƙe su a ranki don ƙarfin gwiwa. Amma kar ki kai wa Baba, shi ba minista yake nema ba a yanzu, 'yarsa yake so ta dawo yadda ta tafi.

Toh in Allah ya sa ya amince. Daga Garwa zuwa Gaundare wajen kilomita 280 ne, ku tashi da sassafe don ku isa da rana, jirgin da yamma yake tashi ya kwana yana tafiya, kilomita 622 har Yawunde, sai gari ya waye ake isa, wani lokacin har hantsi ko fiye, don haka kar ku sa tafiyar a daren da za'a wayi gari a buɗe taro, ku bada kwana ɗaya a tsakani. A sayi tikiti da wuri. In kuɗi ya kai ga ɗakin kwana mai gado huɗu ki ce a haɗa ki da mata, in kujera ce ki zauna kusa da 'yar'uwar tafiyarki ku riƙa barci bi da bi. Katin ɗan ƙasa ko resipise ɗinsa, takardar wucin gadi da ake bayarwa kafin katin ya fito, da katin makaranta su zauna a ƙaramar jaka a jikinki ƙarƙashin hijabi ba cikin akwati ba, don jandarmomi zasu tambaya a kontrol tun kafin ku kai Gaundare, ki ɗauki hotonsu a waya kuma ki bar fotokofinsu a gida. Kuɗi ki raba biyu, kaɗan a hannu sauran a waya. Ki tafi da rigar sanyi, ke 'yar Garwa ce kin saba da zafin da ke wuce 40 a watan Maris da Afrilu, Gaundare bisa tudu take, iskar darenta kaɗai zata sa ki haƙora su kaɗa, Yawunde kuma ruwa ba ya sallama, ƙaramar lema da takalmin da ba ya tsoron jar laka. A tashoshin hanya irin su Ngaundal da Belabo mata zasu zo jikin taga da zuma da ayaba da rogo suna ta kira cikin dare, ki saya ta taga in kina so amma kar ki sauka. Salla kuma kasaru zaki yi a hanya, amma tunda kin yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, a mazhabarmu ta Malikiyya da kin sauka Yawunde cikawa zaki riƙa yi. Ki sa 'yar dadduma a jaka, ba kowane zaure ke da wurin salla ba kuma masu tsara jadawalin ba lallai su tuna da azahar ba, ki tashi abinki ki yi ki dawo, ba wanda zai cinye ki. Abinci ki tambaya kafin ki ci, naman alade da naman daji ba abin mamaki bane a teburin kudu, in kin yi shakka ga kifi ga ƙwai ga wake. Taksinsu ruwan ɗorawa ne kuma haɗaka ake, ki tsaya bakin titi ki faɗi unguwa da kuɗin da zaki biya, in ya yarda zai danna hon, amma ke dai kar ki hau ke kaɗai da dare.

Faransancin da kike cewa yana gudu, kowa nasa na gudu a gaban makirfo, har 'yan Duwala masu zuba kamar rediyo. Zaki tarar da 'yan Bamenda da Buya da suke fama da faransancin fiye da ke suna haɗawa da turanci, ba kuma wanda ya kore su. Za'a iya samun mai kwaikwayon harshenki ko ya kira ki "wajo", sunan da 'yan kudu ke kiran 'yan arewa da shi, yana dariya, ki kalle shi ki wuce. Abinda zai tsaya miki shine ki je da magana a hannu. Kafin ki tafi ki zauna da 'yan ajinku ki tambaye su me ke ci musu tuwo a ƙwarya, kuɗin mashin ne kullum, ɗaukewar wuta lokacin jarrabawa ne, rashin littattafai ne, 'yan matan da ake cirewa a shekara ta biyu a aurar ne, ki rubuta biyu ko uku a takarda da jimloli gajeru ki maimaita su a gaban Mama har su zauna. Ranar farko ki ɗaga hannu sau ɗaya ko da muryarki na rawa, in kika bari sai rana ta uku ba zaki ɗaga ba. Mutumin da ya tashi ya faɗi abinda ya gani da idonsa a garinsu ana sauraronsa ko da faransancin nasa na ɗingishi.

Kuma don kar ki ɗora wa taron abinda ba zai iya ɗauka ba, yawancinsu rabi jawabin manya ne da jiran babban baƙo da bai zo da wuri ba, sai hoto, sai takardar shaida. Amfanin yana wurin shan shayi da layin abinci, inda zaki haɗu da yarinya daga Bertuwa ko Cang mai irin matsalarku kiji yadda suka yi da tasu. Lambobi biyar na mutanen kirki sun fi hamsin. Duk takardar da aka miƙo ace ku sa hannu ki karanta tukuna, wani lokacin a ƙarshen taro ake zuro takardar goyon bayan wani ɗan siyasa a ce ai sunayen mahalarta ne. Duk babban mutumin da yace kina da ƙoƙari sosai ki same shi a masaukinsa ku tattauna maganar tallafin karatu, ki ce masa da yardar Allah gobe a zaure tare da malamarmu, zaki ga tallafin ya bi iska. Ke da ɗayar yarinyar ku zama kamar zare da allura, har banɗaki. Kuma ki kira gida kafin su kira ki, ki haɗa Baba da malamar a waya ranar da kuka sauka ya ji muryarta.

In kuma duk an yi wannan, Goggo ta yi magana, Baffa ya yi, Baba yace shi dai a'a, toh ki haƙura 'yata, ki yi kukanki a ɗaki, kar ki ɗaure masa fuska kar ki daina kai masa ruwan alwala. Ki je ki faɗa wa makaranta da wuri don a ba wata gurbin, ki roƙa mace za'a ba kar kujerar ta koma wurin maza, ki ba wadda zata je takardar matsalolin ajinku ta karanta a madadinku, in sun dawo ke ki shirya zaman da zasu ba aji labari. Irin wannan taron ba ya ƙarewa, ko wajen bikin matasa na 11 ga Fabrairu ana yin su a Garwa kanta da Marwa da Gaundare, ki fara nema masa na kusa wanda za'a je a dawo a yini ko a kwana ɗaya gidan Goggo, takardun da kika tara yanzu da mutanen da suka yi miki magana duk suna nan zasu sake amfani.

Ki rubuto min bayan kin je ofishin, ina son jin me suka ce akan dubu 15 ɗin nan.